Zakaran Gwajin Dafi: Abin da Mai Sayen Na'urar Gem Ranar Fitowarta Yake Biya

A ranar 27 ga Maris 2011 kamfanin Nintendo ya fara sayar da ƙaramar na'urar wasansa ta hannu mai suna 3DS a Amurka a kan dala 249.99, kuma masoyan kamfanin suka yi tururuwa suka saya ba tare da sun jira ganin yadda za ta kasance ba. Ba a cika wata biyar ba, a ranar 12 ga Agusta, farashin ya sauko zuwa dala 169.99, wato an zabge dala 80, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. A Japan ma ragin ya fi haka, domin daga yen 25,000 aka dawo da ita yen 15,000. Shugaban kamfanin na wancan lokaci, Satoru Iwata, ya ba waɗanda suka riga suka saya haƙuri, ya rage albashin kansa da rabi, sannan aka ba su tsofaffin wasanni 20 kyauta domin a sanyaya musu zuciya. Wannan karamci ne da ba kowane kamfani yake yi ba, amma bai canja gaskiyar abin da ya faru ba: mutanen da suka fi kowa amincewa da kamfanin su ne suka fi kowa biya, kuma sun biya ne a lokacin da na'urar ba ta da wasannin da za a ce don su aka saye ta.

Na daɗe ina bibiyar wannan harka, kuma abin da nake gani yana maimaita kansa tun daga zamanin na'urorin kamfanin Sega zuwa yau shi ne cewa na'urar da ake sayarwa a ranar farko ita ce samfurin da ya fi kowane rauni a duk tsawon rayuwar wannan na'ura. Ita ce mai yawan zafi, mai yawan cin wuta, mai ƙarancin wasanni, wadda manhajarta ba ta kammala ba, kuma wadda babu wanda ya san ciwon da za ta nuna bayan shekara guda. Mai sayenta yana ganin ya riga kowa, alhali kuwa a zahiri ya shiga sahun masu gwada kaya ne, sai dai shi da kuɗinsa yake gwajin, ba biyansa ake yi ba.

Dalilin haka ba mugunta ba ce daga kamfanonin, tsarin kasuwar ne ya zo da shi. Idan aka duba ranakun da manyan na'urori suka fito za a ga mafi yawansu a watan Nuwamba suke: Xbox 360 a 2005, PlayStation 3 a 2006, Wii U a 2012, PlayStation 4 da Xbox One a 2013, PlayStation 5 da Xbox Series X a 2020. Ana zaɓen Nuwamba ne saboda cinikin Kirsimeti a Amurka da Turai, lokacin da iyaye suke sayen kyaututtuka, kuma kamfanin da ya bari wannan kaka ta wuce shi ya yi asarar da ba zai mayar ba sai shekara ta zagayo. Saboda haka 'yan kasuwa ne suke yanke ranar fitowa, injiniyoyi kuma su bi. Idan ranar ta ƙarato kuma akwai abin da bai zauna daidai ba, zaɓi biyu ne a gaban kamfani, ko dai ya ɗaga ranar ya bar wa abokin hamayyarsa fili, ko kuma ya fitar da kayan ya gyara daga baya. Tarihi ya nuna na biyun aka fi ɗauka. Bayan haka, komai ƙwarewar ɗakin gwaji, ba zai iya kwaikwayon abin da miliyoyin gidaje za su yi wa na'ura ba: wani zai cusa ta cikin kabad inda iska ba ta shiga, wani zai ɗora ta a kan darduma, wani zai bar ta a kunne kwana biyu, wani kuma yana zaune a garin da ƙura da zafi suke cin kayan lantarki. Ciwon da yake ɓoye a cikin ƙirar na'ura sai ta shiga irin waɗannan hannaye yake bayyana.

Babu misalin da ya kai na Xbox 360 fito da wannan fili. Microsoft ta fitar da ita ranar 22 ga Nuwamba 2005, kusan shekara guda kafin Sony ta fitar da PlayStation 3, kuma riga ta fitowa da ta yi ya taimaka mata ƙwarai a kasuwa. Sai dai ba a jima ba masu na'urar suka fara ganin abu ɗaya: maɓallin kunnawa yana da zoben fitila mai kashi huɗu wanda a lafiyarsa kore yake nunawa, amma wata rana sai kashi uku su koma ja, talabijin ta ƙi nuna komai, na'urar ta mutu murus. Turawa suka raɗa wa abin suna jan zoben mutuwa. Tushen matsalar yana wurin cif, wato 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarkin da take sarrafa hoto a cikin na'urar. Duk lokacin da aka kunna na'urar cif ɗin yana ɗaukar zafi sosai, idan aka kashe kuma ya huce, to wannan kumbura da tsukewa na yau da gobe shi ne yake tsattsage ƙananan mahaɗan dalma da suke riƙe da shi, har wata rana wuta ta daina wucewa. Abin lura shi ne ciwon ba ya nuna kansa a makon farko, sai an yi watanni ana kunnawa ana kashewa, wanda hakan yake nufin masu sharhin da suka yaba wa na'urar a lokacin fitowarta ba ƙarya suka yi ba, abin ne bai riga ya faru ba.

A watan Yulin 2007 Microsoft ta amsa laifinta, ta tsawaita garanti zuwa shekara uku a kan wannan matsala, ta kuma ware fiye da dala biliyan 1 domin gyara da musanya. A Amurka kamfanin ya riƙa aika wa mutane kwali har gida, su saka matacciyar na'urar su mayar, a gyara ko a musanya a dawo musu da ita kyauta. Wani kamfanin sayar da garanti mai suna SquareTrade ya fitar da ƙididdiga a 2009 wadda ta nuna kashi 23.7 cikin ɗari na Xbox 360 da ya bibiya sun samu matsala cikin shekara biyu na farko, alhali na Wii ta Nintendo kashi 2.7 ne kawai. A hankali aka sake ƙirar cikin na'urar. Samfurin da ake kira Falcon ya zo a 2007, Jasper ya biyo baya a 2008, kuma kowannensu ya fi wanda ya gada sanyi. Ko daga akwatin wutarta ana iya karanta labarin: na samfurin farko wat 203 ne, na Falcon 175, na Jasper 150, na Xbox 360 S da ta fito a 2010 kuma 135. Ita waccan ta farko ko ramin HDMI na jona ta da talabijin na zamani ba ta da shi, sai a 2007 aka ƙara mata, kuma sai a samfurin 2010 aka saka mata abin kama intanet ba waya a cikinta. Wanda ya saya a 2005 da wanda ya saya a 2010 suna cewa na'ura ɗaya suke da ita, amma in ban da suna da wasannin da suke bugawa, kayan biyu sun bambanta nesa ba kusa ba.

Na taɓa zama a rumfar wani mai gyaran kayan lantarki a kasuwa ina kallon yadda yake fama da irin wannan na'ura, wadda wani saurayi ya kawo a cikin jakar makaranta. Ya kwance farar murfin, ya hure ƙurar da ta danƙare a jikin fanka, ya cire ƙarfen da yake zuƙe zafi, sannan ya ɗauko bulowarsa mai hura iska mai zafi ya riƙa zagaya ta a kan cif ɗin a hankali har ƙamshin dalma ya tashi. Da ya mayar da komai ya jona wuta, sai zoben ya nuna kore, saurayin ya washe baki. Mai gyaran bai ɓoye masa ba, ya ce masa, “Ɗan samari, wannan lallaɓawa ce ba magani ba, ka ajiye ta inda iska take shiga, kuma in ta sake yi kada ka ce na cuce ka.” Wannan saurayi babu kwalin da zai zo masa daga ko'ina, domin garantin shekara uku na masu saye ne a ƙasashen da kamfanin yake da wakilci, shi kuwa na'urarsa ta ratso hannu uku ko huɗu kafin ta iso gare shi.

Ba kullum ne gyaran yake zuwa da hayaniya irin ta Xbox 360 ba, sau da yawa a ɓoye ake yinsa. Nintendo Switch ta fito ranar 3 ga Maris 2017 a kan dala 299.99, kuma kamfanin ya ce batirinta yana kaiwa tsakanin awa 2.5 zuwa 6.5 gwargwadon wasan da ake bugawa. A watan Agustan 2019 aka fara sayar da wani samfuri mai kama da na farko sak, a kan farashi ɗaya, amma batirinsa yana kaiwa awa 4.5 zuwa 9 saboda an canja cif ɗin da wani mai ƙarancin cin wuta. Ga na'urar da babban amfaninta shi ne a ɗauke ta a tafi da ita, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Hannayen wasanta kuwa, waɗanda ake kira Joy-Con, sun zo da nasu ciwon: sandar juyawa takan fara motsa ɗan wasa ita kaɗai ba tare da an taɓa ta ba. An kai kamfanin ƙara a Amurka a 2019, ya fara gyarawa kyauta a wasu ƙasashe, kuma a 2020 shugabansa Shuntaro Furukawa ya ba da haƙuri. Adalci ne a faɗi cewa wannan matsala ta bi har waɗanda suka saya daga baya, amma su sun saya suna sane da ita, sun san akwai hanyar gyara, sun kuma san irin hannun da za su saya a madadinsa. Masu sayen farko kuwa sun yi ta zargin kansu ko ƙannensu da lalata kaya kafin a gane daga masana'anta abin yake.

Haka PlayStation 3 ta fito a 2006 da hannun wasa marar girgiza, sai a 2007 a Japan da 2008 a Amurka aka kawo mai girgiza, DualShock 3, wanda mai son girgizar dole ya sake cire kuɗi ya saya.

Akwai kuma rashin kammaluwar manhaja, wanda zamanin intanet ya mayar da shi kamar al'ada. A da, abin da yake cikin kwali shi ne na'urar, domin babu hanyar gyara ta bayan ta bar masana'anta. Yanzu kamfani yana iya fitar da ƙarfe a watan Nuwamba ya ce sauran alkawuran suna tafe. PlayStation 5 ta zo da rumbun ajiya mai gigabait 825, amma abin da mai ita zai iya amfani da shi kusan 667 ne, a zamanin da wasa guda kan haura gigabait 100. A cikinta akwai gurbin ƙara rumbu, ana ganinsa da ido idan aka cire murfi, amma a kulle yake, sai a watan Satumbar 2021 Sony ta buɗe shi, wata goma bayan fitowa. Xbox One kuwa a 2013 ba ta buga wasa sam sai an jona ta da intanet ta sauke sabuntawar ranar farko. Wii U ma ta zo da doguwar sabuntawa a 2012, kuma Nintendo ta gargaɗi mutane kada su kashe ta ana cikin aikin domin na'urar tana iya lalacewa. Duk wanda yake zaune inda ake ɗauke wuta ba sallama ya san nauyin wannan gargaɗi, ya kuma san kuɗin datar da irin wannan sauke-sauke yake ci.

Sai babbar tambaya, wadda ɗoki yake sa a manta da ita: me za a buga a kai? Ƙera babban wasa yau yana ɗaukar shekaru, yana cin miliyoyin daloli, kuma mai wasan yana son ya sayar wa mutane masu yawa. A ranar da sabuwar na'ura ta fito, masu ita ba su kai ko kaɗan daga cikin masu tsohuwar ba, don haka babu ɗan kasuwar da zai juya wa taron jama'a baya saboda 'yan tsiraru. PlayStation 4 ta sayu fiye da miliyan 100 kafin PlayStation 5 ta zo, shi ya sa Sony da kanta ta ci gaba da fitar da manyan wasanninta a kan duka biyun: Spider-Man: Miles Morales a 2020, sannan Horizon Forbidden West da Gran Turismo 7 da God of War Ragnarök duk a 2022. Wanda ya yi ta fafutuka ya mallaki sabuwar a 2020 ya shafe shekara biyu yana buga kusan abin da maƙwabcinsa mai tsohuwar yake bugawa, sai dai hotonsa ya fi kyau kuma ya fi saurin buɗewa. A ɓangaren Microsoft, Halo Infinite shi ne wasan da aka shirya zai raka Xbox Series X kasuwa, amma aka ɗaga shi, bai fito ba sai Disambar 2021. Kuma a daidai wannan sauyi ne farashin manyan wasanni ya tashi daga dala 60 zuwa 70, ga shi babu faifan wasa na kwance da za a saya da rahusa tunda kowa bai daɗe da sayen nasa ba.

A wurinmu wannan batu ya fi sauƙin fahimta, domin abin da ya fi jan matasa zuwa shagon gem ƙwallo ce. Kamfanonin wasan ƙwallo su ne suka fi kowa daɗewa a kan tsohuwar na'ura. FIFA 14 ta fito a kan PlayStation 2 a 2013, shekara 13 bayan fitowar na'urar. FIFA 19 ta fito a kan PlayStation 3 a 2018, kuma EA Sports FC 25 ta fito a kan PlayStation 4 a 2024. Na san wani mai shagon gem a unguwarmu, ɗaki ɗaya ne mai benci uku da talabijin huɗu a jikin bango, da ƙaramin janareta a bakin ƙofa, yara suna biya wasa-wasa suna jiran layi. Lokacin da ake ta maganar PlayStation 5 na tambaye shi ko zai kawo, sai ya nuna mini kwandon da yake tara hannayen da suka lalace, ya ce, “Malam, yaran nan tambaya ɗaya suke yi mini, wai akwai ƙwallon bana? In akwai, ba ruwansu da lambar da take jikin akwatin.” Lissafinsa a fili yake: kuɗin sabuwa ɗaya zai sayi tsofaffi fiye da ɗaya, kowace tana ɗaukar yara biyu a lokaci guda, masu gyaranta suna nan a kasuwa, hannayenta kuma ana samunsu ko'ina. Ban ga masanin tattalin arzikin da zai gyara masa wannan lissafi ba.

Haɗarin da ya fi duka girma shi ne na'urar ta mutu a kasuwa. Mai saye a ranar farko yana cinikin biri a sama ne, domin abin da yake biya ba ƙarfen kaɗai ba ne, har da fatan cewa kamfanin zai ci gaba da kula da ita shekara shida ko bakwai. Dreamcast ta Sega ta shiga Amurka ranar 9 ga Satumba 1999 da babban biki, kuma na'ura ce mai kyau da ta riga zamaninta a wasu fannoni, amma a ƙarshen Janairun 2001 Sega ta sanar da daina ƙera ta, ta fice daga harkar na'urori gaba ɗaya. Wii U ta sayu miliyan 13.56 kacal, manyan kamfanonin wasanni suka janye daga gare ta tun da wuri, aka daina ƙera ta a farkon 2017, sannan da yawa daga cikin fitattun wasanninta aka sake fitar da su a kan Switch. Wani lokaci kuma wani sashe ne na na'urar yake mutuwa. Xbox One ta fito a kan dala 499 tare da kyamarar Kinect wadda aka ce ba a raba su, amma a watan Yunin 2014 aka fara sayar da ita ba kyamarar a kan dala 399, kuma a 2017 aka daina ƙera Kinect ɗin. Mutanen farko sun biya ƙarin dala 100 a kan abin da kamfanin da kansa ya saki cikin wata bakwai.

Tun kafin wannan, Xbox ta asali ta shiga Ingila a watan Maris 2002 a kan fam 299, kuma a watan Afrilu aka mayar da ita fam 199. PlayStation 3 mai gigabait 60 ta fito a kan dala 599, amma a Satumbar 2009 siririn samfurinta, wanda ya fi sauƙin nauyi da ƙarancin cin wuta, ya zo a kan dala 299.

Abin da ya faru a 2020 kuwa ya ƙara wani sabon babi. Annobar korona ta tsare mutane a gida, buƙatar kayan lantarki ta yi tashin gwauron zabo, masana'antun cif suka kasa biyan buƙata. PlayStation 5 da aka sa wa farashin dala 499 takan ƙare a shafukan sayarwa cikin mintuna, domin 'yan sari sun saka manhajoji masu saye da sauri fiye da ɗan Adam, su kwashe su ɓoye, sannan su sayar kusan ninki biyu, kamar dai yadda 'yan bumburutu suke yi da fetur ranar da gidajen mai suka rufe. Sai a Janairun 2023 shugaban sashen PlayStation na lokacin, Jim Ryan, ya sanar cewa ƙarancin ya zo ƙarshe. Wanda ya saya a hannun ɗan sari ya biya kuɗin da kamfanin bai nema ba, kuma sau da yawa ba shi da rasit da sunansa wanda zai nuna idan matsala ta taso. Idan a Landan ko New York haka ta kasance, to mai saye a Kano ko Yamai ya biya ribar ɗan sarin can, da ta wanda ya ɗauko daga Dubai, da kuɗin jirgi da na kwastan, kafin a zo kan ribar mai shago.

Ba zan ɓoye cewa akwai abin da ya canja ba, domin duk wanda ya ce jira kullum yana rage farashi ya tsaya ne a tsohon zamani. A da, ƙanƙantar da cif yana sauke kuɗin ƙira da sauri, sai farashi ya bi shi. Yanzu wannan sauƙi ya ragu, ga hauhawar farashi da harajin shigo da kaya. Sony ta ƙara kuɗin PlayStation 5 a Turai da Ingila da Japan a Agustan 2022, sannan a Agustan 2025 ta ƙara dala 50 a Amurka. Xbox Series X da ta fara a dala 499 ta koma 599 a watan Mayun 2025, ta sake hawa zuwa 649 a Oktoba. A Najeriya kuma faɗuwar naira tun daga tsakiyar 2023 ta sa wanda ya jira ya tarar da kuɗin a naira ya ninka ko da farashin dala bai motsa ba, saɓanin mai saye da sefa wadda take ɗaure da yuro. Akwai ma lokacin da samfurin farko ya fi na baya wani abu: PlayStation 3 ta farko tana buga faifan PlayStation 2, daga baya aka cire wannan domin a rage kuɗin ƙira. Kuma akwai daɗin kasancewa cikin waɗanda suka fara, wanda ban raina shi ba, domin shi ma wani abu ne da mutum yake da ikon saya da guminsa.

Duk da haka, tashin farashi hujja ɗaya kawai ya raunana daga cikin hujjojin jira. Wanda ya sayi PlayStation 5 a ƙarshen 2023 ya samu siririn samfuri mai nauyin kilo 3.2 maimakon 4.5, da rumbun terabait 1, da manhajar da ta sha gyara shekara uku, da tarin wasanni waɗanda da yawansu sun yi araha, kuma ya saya ne bayan miliyoyin mutane sun gwada masa ita. Ya kuma san cewa na'urar ta kafu a kasuwa, ba za ta bi hanyar Dreamcast ba. Ga mai saye a ƙasashenmu waɗannan sun fi bambancin dala 50 muhimmanci, saboda duk abin da yake rage wa Bature raɗaɗin sayen farko, wato garanti da mayar da kaya da kotun da za ta saurari ƙarar masu saye, kusan babu ko ɗaya da yake isowa nan. Garantin da muke da shi shi ne mai gyara na kasuwa, shi kuwa ba ya sanin ciwon sabuwar na'ura sai ta shekara ɗaya ko biyu tana zuwa teburinsa, kuma kayan gyaranta ba sa samuwa sai an fara samun matattu da za a cire daga jikinsu. Hatta ƙarancin cin wuta na samfuran baya ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake kunna janareta ko yake dogara da batirin sola, haka nan ƙarancin zafi ga ɗakin da yake tafasa a watan Afrilu.

Shi ya sa idan wani ya nemi shawarata nakan ce ya jira abubuwa uku su bayyana, ba wai ya ƙirga watanni ba: a samu na'urar a shago a kan farashinta na asali ba tare da layi ba, a samu aƙalla wasanni biyu ko uku da yake matuƙar so waɗanda ba sa tafiya a kan wadda take hannunsa, sannan samfuri na biyu ya shigo kasuwa. Na ukun ana gane shi ne daga lambar samfur da take jikin kwali ko a ƙasan na'urar, kuma wannan ilimi yana da amfani har ga mai sayen ta kwance, domin tsofaffin samfuran farko su ne suka fi kwararowa kasuwanninmu bayan masu su a can sun canja. A PlayStation 5, lambar da ta fara da CFI-10 ta samfurin farko ce, CFI-11 da CFI-12 gyararrun da suka biyo baya ne, CFI-20 kuma siririyar ce. A Switch, samfurin mai dogon batiri yana ɗauke da lamba HAC-001(-01), yana kuma zuwa a cikin jan kwali. A Xbox 360, ga wanda har yanzu yake neman ta don shago ko don yara, a duba rubutun da yake jikin akwatin wuta, a tabbatar na wuta 220 ne ba na Amurka mai 110 ba, kuma idan an ga wat 203 a ajiye ta a nemi mai 150 ko 135.